Ruwan Famfo Ya Kawo, Amma Me Ya Kawo Mana?

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma mun ga ya dace mu yi magana a kan abin da kowannenmu ya kai baki yau da safe tun kafin ya taɓa waya.

Mu Sakkwatawa idan muka zauna hirar ruwa, hirar rashinsa muke yi. Kwana nawa rabon Mabera da ruwa, nawa ake sayar da kura a Arkilla, ƙarfe nawa na dare famfo ya kawo a Runjin Sambo. Ranar da ya kawo kuwa, murna ba ta barin mu duba abin da ya zo da shi. A jera bokitai, a tara baho, a cika randa, a yi hamdala. Wanda ya kwana biyar yana sayen jarka ba ya tsayawa tambayar launin ruwa. Sai dai ciki yana tambaya, musamman cikin ƙaramin yaro, kuma amsar takan zo da tsakar dare lokacin da babu abin hawa zuwa asibiti.

Kaso mai yawa na ruwan famfon birnin nan daga gulbin Rima ake jawo shi, ragowar kuma daga rijiyoyin burtsatse. Madatsar ruwa ta Goronyo ce ke riƙe ruwan damina tana sako shi a hankali lokacin rani, shi ya sa a 2018, da ruwanta ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da take iya ɗauka, hankalin kowa ya tashi a cikin gari. A matatar ruwa, aikin da ake yi sananne ne a duk duniya: a sa alam domin laka ta dunƙule ta kwanta, a tace ta cikin yashi, a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan a turo cikin bututu. Mu riƙe waɗannan matakai a kai, domin duk abin da za mu yi a gida ƙaramin kwaikwayonsu ne.

To idan an tace, ta ina dattin ke shiga? Nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Bututun da ke cike da ruwa dare da rana, ko ya tsage, ruwa yake fitarwa waje, ƙarfin turi ba ya barin komai ya shiga. Amma bututun da ake ba ruwa yau a ɗauke gobe, da zarar ya zama fanko sai ya koma zuƙa. Duk abin da ke kwance a gefensa sai ya tsotso ta wurin tsagar. Yanzu ku tuna inda bututunmu suke bi. Ku bi kowane lungu a tsakiyar gari, za ku ga siraran bututun roba kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da tsohuwar robar taya. Ku tuna ramukan da muke haƙawa a ƙofar gida mu yanke bututu a ƙasa saboda ruwa ba ya da ƙarfin hawa famfo, ramin da ruwan sama da na wanke-wanke ke taruwa a ciki. Ku ƙara da masu sa injin jan ruwa kai tsaye a kan layi, waɗanda ke ƙara wa bututun maƙwabta ƙarfin zuƙa. Ruwa yana iya barin matata da lafiyarsa, ya iso gida ya riga ya gauraya da na kwata, kulorin ɗin da aka sa masa kuma ya ƙare a hanya.

Idonmu yana ruɗinmu a nan. Tun a makarantar allo da zaure aka koya mana duba launi, ɗanɗano da ƙamshi kafin mu yi tsarki da ruwa, kuma wannan hukunci ne ingantacce a babinsa. Amma ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba dole ba ne ya zama lafiyayye ga hanji. Ƙwayar kwalara da ta taifod ba su da launi, ba su da wari. Ruwa garau kamar hawaye yana iya kwantar da gida guda. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jiharmu na cikin waɗanda abin ya taɓa. Kusan kowannenmu ya san gidan da aka yi zaman makoki a daminar wannan shekara.

Aiki biyu ne a gabanmu, kuma haɗa su wuri guda shi ne babban ruɗanin da ake yi. Na farko a raba ruwa da laka. Na biyu a kashe abin da ido ba ya gani. Mutane da yawa suna yin na farko su ɗauka an gama.

Abu mafi arha shi ne haƙuri. Idan famfo ya kawo bayan kwanaki, ruwan farko shi ne ya wanko duk abin da ya kwanta cikin bututu. A tare shi a baho daban domin shara, ban-ɗaki ko ban ruwan shuka, sai ya washe sannan a tari na sha. Wanda aka tara kuma a rufe shi a bar shi ya kwana, da safe a tsiyaye na sama a hankali a zubar da na gindi. Ba a kashe ko sisi ba, amma an rage kaya mai yawa, domin ƙwayoyin cuta da dama a jikin laka suke maƙalewa.

Idan damina ce, gulbi ya yi ja, ruwan ya ƙi kwanciya, sai alam. Iyayenmu mata sun san shi tun kafin a haife mu. Ana kaɗa ɗan gutsure cikin bokiti sau kaɗan a cire, a juya ruwan, a bar shi kamar rabin awa zuwa awa guda. Idan ruwan ya yi bauri a harshe, an zarce, gobe a rage. Abin da muke so a ji da kyau shi ne alam ba ya kashe ƙwayar cuta. Yana jan wasu zuwa ƙasa tare da laka, saura kuma suna nan suna yawo cikin ruwan da ya yi kyau a ido. Ruwan alam ruwa ne da aka shirya domin mataki na gaba.

Akwai kuma zogale, wanda wasunmu ke ce wa tamaka. Mun saba da ganyensa a kwaɗo da ƙuli-ƙuli, amma irinsa yana aikin alam. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna tace ruwa da shi, har wata mai bincike, Samia Al Azharia Jahn, ta yi nazarin dabarar tasu a shekarun 1970 da 1980 ta sanar da duniya. Ana samun busasshen iri da ya nuna a kan itace, a ɓare shi, a daka farar ƙwayar ta yi laushi. Ƙwaya 10 zuwa 20 sun ishi bokiti mai lita 20, gwargwadon kaurin lakar. A dama garin da ɗan ruwa mai tsabta cikin gora, a girgiza sosai, a tace shi da ƙyalle zuwa cikin bokitin. A juya da sauri kamar minti biyu, a koma juyawa a hankali na wasu mintuna, a bar shi awa ɗaya ko biyu. Abin sha'awa ne ka ga jan ruwa ya washe a gabanka da abin da ka tsinko a bayan ɗaki. Amma shi ma yana da sharaɗi: ruwan zogale ba ya son ajiya, domin ragowar garin abinci ne ga ƙwayoyin cuta. A yi na yini guda, a kashe ƙwayoyin, a sha a ranar.

Ƙyalle ma kada a raina shi. A Bangaladesh, Rita Colwell da abokan aikinta sun sa mata tace ruwa da tsohon zanen sari ninki huɗu, kuma sakamakon da suka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da aka yi haka. Dalili shi ne ƙwayar kwalara tana maƙale wa wasu ƙananan halittun ruwa da ƙyalle ke iya tarewa. Mu ma muna da namu tarihin. Manyanmu sun san kurkunu, sun ga yadda yake hana manomi zuwa gona da damina. Tace ruwa da ƙyalle na cikin manyan makaman da aka yaƙe shi da su, da taimakon cibiyar Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa babu shi a Nijeriya. Tsohuwar atamfa ta auduga da ta sha wanki ta fi sabuwa, saboda zarenta ya matse. A ware ta domin wannan aiki kaɗai, a wanke ta a shanya a rana bayan kowane amfani.

Yanzu sai kisan ƙwayoyin.

Tafasawa ita ce sarauniya, babu gardama. Idan ruwa ya tafasa yana ɓulɓula sosai na minti ɗaya, an gama da bakteriya, da ƙwayoyin bairos, da ƙwan tsutsar ciki. Ba sai an bar shi rabin awa a wuta ba, wannan ɓarnar makamashi ce. Matsalarta kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas da gawayi da itace duk sun zama abin lissafi, kuma gidan mutum goma sha biyu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba ƙaramin ruwa suke sha ba. Wanda ya ce wa irin wannan gida su tafasa duk abin da za su sha, bai taɓa sayen buhun gawayi da kuɗinsa ba. Shawararmu a keɓe tafasawa ga waɗanda suka fi rauni: jarirai da aka fara ba ruwa bayan wata shida, masu ciki, tsofaffi da marasa lafiya. A ɗora tukunyar a kan ragowar garwashin tuwon dare, wutar da dama mutuwa za ta yi a banza. A bar ruwan ya huce cikin tukunyar da murfinta. Masu cewa dafaffen ruwa ba ya da daɗi suna da gaskiya, iskar cikinsa ce ta fita, kuma girgiza shi cikin gora mai tsabta yana dawo da ɗanɗanon.

Ga ragowar mutanen gida, kulorin ya fi sauƙi. Akwai na ruwa, WaterGuard, wanda ƙungiyar Society for Family Health ta yaɗa a ƙasar nan, akwai na ƙwaya irin su Aquatabs, ana samunsu a kemis. Ƙwayoyin girma-girma ne, wata ta lita kaɗan ce wata ta jarka guda, don haka a karanta abin da ke jikin takardar, wanda bai iya ba ya tambayi mai kemis ya nuna masa. A zuba, a girgiza, a rufe, a jira minti 30. Idan an buɗe ya kamata a ji ɗan warin kulorin kaɗan. Wannan warin da yara ke yamutsa fuska saboda shi, shi ne shaidar cewa maganin ya ci ƙarfin dattin har ya yi saura, kuma sauran ne ke ci gaba da gadin ruwan a cikin jarka, abin da tafasawa ba ta yi. Idan ruwan mai duhu ne a fara kwantar da shi, domin laka tana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin. A kuma duba ranar lalacewarsa, a ajiye kwalbar a inuwa, zafin garinmu yana kashe masa ƙarfi da wuri.

Wasu kan tambaya ko ruwan bilicin wanki zai yi. A halin larura yana yi, idan tsantsarsa ne, marar turare, marar haɗin sabulu: ɗigo biyu ga lita ɗaya ta ruwa garau, a jira rabin awa. Amma hannunmu yana da nauyi wurin zuba abu, kuma gidan da ke da yara ba ma son a saba ganin kwalbar bilic kusa da randa. Wanda aka yi domin sha ya fi kwanciyar hankali. Masu zargin cewa wani abu ake ɓoyewa a cikin maganin kuwa, su sani shi ne dai abin da matatun ruwa suka daɗe suna sawa, wanda a Amurka aka fara a 1908 a birnin Jersey City, kuma da shi ne manyan biranen duniya suka rabu da taifod.

Hanyar da ta fi ba mu mamaki ita ce wadda muka fi kowa arzikinta, wato rana. Kullum kuka muke da ranar Sakkwato, alhali injin tace ruwa ce kyauta a saman kowane gida. Wani malami a jami'ar Amurka da ke Bairut, Aftim Acra, shi ya fara nuna haka a shekarun 1980, daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan ta gwada dabarar a ƙasashe da dama ta daidaita ta. Ana samun gorar roba fara tas, irin ta ruwan kwalba ko ta lemo marar launi, wadda ba ta wuce lita 2 ba. A cire takardar jikinta, a wanke ta, a cika ta da ruwa garau, a rufe, a kwantar da ita a kan kwanon rufi inda inuwa ba ta zuwa. Awa 6 cikin rana mai ƙarfi. Wani haske da ke cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, tare da zafi, su ke lalata ƙwayoyin. Idan hadari ya rufe sama, sai a bar ta kwana biyu a jere, kuma mu a nan haka ya kamata mu ɗauki ranakun da hazon hunturu ya yi kauri. Ranar da ake ruwa tun safe, a koma ga kulorin ko wuta.

Yadda ake gane ruwan ya isa haske kuwa, a tsayar da cikakkiyar gorar a kan manyan haruffan kanun jarida, a leƙa ta baki. Idan ana iya karanta rubutun ta cikin ruwan, ya yi. Idan ba a iya ba, a koma ga alam ko zogale tukuna. Gora mai launin kore ko ruwan ƙasa ba ta yi, wadda ta kakkarce ta yi dishi-dishi a sauya ta, kuma jarka mai kauri ba ta shiga wannan lissafi ko da ta yini a rana. Gida mai mutum takwas zai buƙaci gora da yawa, kashi biyu, wasu a sama wasu a ƙasa ana sha. Wahalar kenan, sai kuma hawa rufi, wanda ana iya kauce masa da ɗora guntun kwano a kan bulo a tsakar gida. Ruwan yana saukowa da zafi kamar na shayi, amma direbobin manyan motoci sun daɗe da maganin wannan: a naɗe gorar da jiƙaƙƙen buhu a rataye inda iska ke bi. A sha daga gorar kai tsaye ko a tsiyaya a kofi mai tsabta. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne, a garin da jami'ar Usmanu Danfodiyo ke da cibiya sukutum ta binciken makamashi, wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, da wuya ka ga gora guda kwance a kan rufin kowa.

Gawayi da yashi a cikin bokiti mai huda suna gyara ɗanɗano da wari, suna kuma rage duhu, amma matatar da aka haɗa a gida da gaggawa ba ta isa a dogara da ita wurin kashe cuta ba. Matatar kasuwa mai farin kandir na yumɓu tana aiki sosai idan ba ta tsage ba kuma ana goge ta, ga wanda ke da halin saye.

Dole mu faɗi iyakar duk waɗannan. Babu ɗaya daga cikinsu da za a dogara da shi wurin cire gubar sinadari. Idan ruwa yana warin fetur, ko yana kusa da inda ake rini, jima ko zubar da tsohon batir, tafasa shi ba ta mayar da shi lafiyayye, tana ma iya ƙara tattara gubar saboda ruwan ya ragu. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ta yi a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalma ba ta jin wuta, ba ta jin kulorin. Irin wannan ruwa barinsa ake yi a nemi wani.

Sai randa, wadda a ganinmu a nan ne rabin aikin ke lalacewa. Muna son randa, babu firjin da ya kai ta daɗin ruwa, kuma ba ta san an ɗauke wuta ba. Amma ku zauna ku ƙirga hannu nawa ke shiga bakinta daga asuba zuwa isha'i. Yaro ya dawo daga wasa a ƙasa, ya ɗauki moɗa, ya nutsa ta har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar, ya ajiye moɗar a ƙasa. Duk tafasawar da uwa ta yi ta tashi a banza. Addini ya riga ya umarce mu da rufe abin sha, saura mu ƙara da raba moɗar ɗiba da kofin sha. A nemi ludayi mai dogon hannu a rataye shi a ƙusa sama da randar, kada ya taɓa baki, kada ya taɓa ƙasa. Wanda ya iya, ya kai wa maginin tukwane ya yi masa randa mai ƙaramin baki da wurin sa kan famfo a gindi, ko ya sayi bokiti mai murfi da famfo. A juye randa a wanke ta aƙalla sau ɗaya a mako, maimakon a yi ta ƙara sabo a kan tsoho har gindinta ya yi santsi.

Haka jarkokin 'yan ga-ruwa. Bayin Allah suna neman halalinsu, kuma ba don su ba da unguwanni da yawa sun tashi, amma ku leƙa cikin jarkar wata rana ku ga koren da ya kama bangonta. Ruwan kura, na tanka da na burtsatsen maƙwabci duk hukuncinsu ɗaya da na famfo: a kwantar, a kashe, a rufe. Tankin da ke saman gida ma yana son a sauke ruwansa a wanke shi lokaci-lokaci, a tabbatar murfinsa yana rufe, domin ƙadangare da tsuntsu ba sa neman izini. Fiya wata kuma, lambar NAFDAC a jikin leda tana da amfani, amma ledar ta bi hannaye da ƙasan shago kafin ta zo bakinka, a ɗauraye ta kafin a ciza.

Idan duk da haka gudawa ta kama wani a gida, kada a jira sai ya galabaita. A kemis akwai garin ORS na leda, a dama shi yadda aka rubuta. Idan babu, lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kulorin, cokalin shayi 6 na sukari a shafe ba tozo, rabin cokalin shayi na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Idan bayan gidan ya koma fari tsararo kamar ruwan wankin shinkafa, ko idanun yaro suka faɗa, ko ya kasa sha, a ɗauki gorar ruwan gishiri da sukarin a hannu a ci gaba da ba shi a kan hanyar zuwa asibiti mafi kusa.